Yadda ake tada ƙungiyar fafutukar sauyin yanayi a inda kake zaune

Ranar da na fara kiran taro a kan sauyin yanayi, ɗakin ya cika har wasu suna tsaye a bakin ƙofa. Na koma gida ina jin kamar na gama aiki. Bayan mako biyu aka sake zama, kujeru suka fi mutane yawa. A zama na uku ni kaɗai ne da dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin, shi ma jira yake in tashi ya kulle. Na daɗe ina ɗora wa mutane laifin rashin kishi kafin na yarda cewa laifin nawa ne. Na shafe awa biyu ina ba su labarin ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya, na tsorata su, sannan na sallame su hannu rabbana, ba wanda ya fita da aikin da zai yi gobe.

Tun daga nan na sa hannu a kafa ƙungiyoyi da dama. Wasu sun mutu, wasu suna nan. Waɗanda suka rayu duk hali ɗaya gare su. Sun zaɓi buƙata guda ƙarama, sun san sunan mutumin da zai iya biya musu ita, sun kuma nace masa har ya sa hannu.

Ilimin da kake buƙata kafin ka fara bai da yawa. Ƙona kwal da fetur da gas, da sare dazuka, suna ƙara iskar kabon a sararin samaniya, ita kuma tana riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu yawanta kusan kashi 280 ne cikin miliyan, yau ta haura 420. A yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashen duniya sun amince su riƙe ƙarin zafin duniya, idan aka kwatanta da kafin zamanin masana'antu, ƙasa da digiri 2 a ma'aunin Salshiyos, su kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Shekarar 2024 ita kaɗai ta ɗan haura wannan 1.5 ɗin. Aikin ya kasu gida biyu, rage hayaƙin da ake fitarwa, da kare jama'a daga illar da ta riga ta iso, kamar tsananin zafi da ambaliya da fari. Ƙaramar ƙungiya na iya kama kowanne daga ciki.

Kayan aiki

Mutum uku zuwa biyar. Ina nufin waɗanda in ka kira su da dare za su ɗauka. Kada dukansu su zama sa'anninka. Ka nemi wanda ya daɗe a wurin ya san kowa, da wanda ya iya rubutun wasiƙa, da macen da mata ke jin maganarta.

Littafi mai kaurin bango da biro. Waya takan ɓace, takan faɗa ruwa, zauren WhatsApp yakan cika da gaishe-gaishe har a rasa inda aka tsaya. Littafi yana nan.

Waya mai kyamara, a kunna mata abin da ke sa kwanan wata da wuri a jikin hoto. Fayil na ajiye wasiƙu. Ƙaramin ma'aunin zafi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula, idan matsalarku ta shafi ruwan sama. Sai wurin zama da ba a biyan haya, ajin makaranta bayan an tashi, ko farfajiyar gidan ɗayanku.

Rajista, tambari, riguna masu suna, asusun banki da ofis, duk ka bar su tukuna. Na san ƙungiyar da ta ci wata huɗu tana gardamar launin tambari, kafin a daidaita rabin mutanen sun watse.

Mataki na 1: Ka saurara tukuna

Ku raba kanku biyu-biyu, ku zagaya ku yi magana da mutum talatin cikin mako biyu, tsofaffi da matasa, maza da mata, masu shago da masu aikin ƙarfi a rana. Tambaya uku ta isa. Me ya canza a yanayin wurin nan tun tasowarka? Wace matsala ce ta fi cin maka kuɗi ko hana ka barci a bara? Wa kake ganin zai iya gyara ta? Ka rubuta amsar da kalmomin mai maganar, kada ka gyara masa.

A wannan zagayen kada ka furta "sauyin yanayi" sai in shi ya fara. Mutum zai ce maka ruwa ya shiga ɗakinsa sau biyu, ko yaransa suna dawowa daga makaranta da ciwon kai saboda rufin kwano, ko hayaƙin juji ya tayar wa mahaifiyarsa da asma. Maganar yanayi ke nan da bakinsa.

Haka Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli, ta fara a Kenya. Matan karkara ne suka riƙa kawo kukan itacen girki ya yi nisa, rafuka suna ƙafewa, abinci ya yi ƙaranci. Amsarta ita ce bishiya. Ranar 5 ga Yuni 1977 aka dasa guda bakwai a Nairobi, daga nan ƙungiyar Green Belt Movement ta samo asali. Lokacin da aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, an dasa sama da miliyan 30.

Idan kai baƙo ne a wurin, ko kana jin nauyin buga ƙofar mutane, ka roƙi minti goma a taron da ya riga ya kafu, kamar na iyayen yara da malamai ko na 'yan kasuwa, ka yi tambayoyin a can.

Mataki na 2: Zaɓi buƙata guda

A nan ake yawan faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Ku baje amsoshin, ku ware matsalolin da suka fi maimaituwa, sannan ku ɗora kowacce a kan ma'auni uku. Akwai mutum ɗaya ko kwamiti ɗaya da zai iya cewa "na amince" a yi ta? Za a iya gama ta cikin wata shida zuwa shekara? In an yi, za a iya gani da ido ko a ƙirga? Wadda ta faɗi a ɗaya daga ciki, a ajiye ta gefe.

"A daina gurɓata muhalli" fata ce kawai, ba wanda zai sa mata hannu. "Mu wayar da kan jama'a" ma haka, domin ba ranar da za ka ce an gama. Ga irin waɗanda suke da kai da ƙafa: a yashe magudanar ruwa ta titi kaza kafin ruwan sama ya sauka, a sa kuɗin yasar a kasafin kowace shekara. A shafa wa rufin makaranta kaza farin fenti a dasa bishiyar inuwa a harabarta. A daina ƙona shara a juji kaza, a ware mai ruɓewa a yi taki da ita. A sa wa ƙaramin asibiti sola domin firjin allurar rigakafi ya daina dogara da janareta. A ƙara motar haya ta gwamnati a hanya kaza.

Ni dai in da zaɓi, nakan karkata ga buƙatar da ke jifar tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Juji misali ne. Sharar da ke ruɓewa a binne tana fitar da iskar metan, wadda a cikin shekara ashirin ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 80. Maƙwabcin juji kuwa ba ruwansa da wannan lissafi, wari da hayaƙi da ƙudaje ne suka dame shi. Kai da shi kun haɗu a buƙata ɗaya ko da dalilanku sun bambanta, kuma ba dole sai ka mai da dalilinsa irin naka ba.

Kada ka raina irin wannan ƙaramin aiki. A watan Mayun 2010 zafi ya kashe sama da mutum dubu a birnin Ahmedabad na Indiya. A 2013 hukumar birnin, tare da masana lafiya, ta fito da tsarin tunkarar zafi. Ba wani abin mamaki a ciki, gargaɗi ne kafin ranakun zafi, da horar da ma'aikatan asibiti su gane bugun zafi, da samar da ruwan sha da wurin fakewa. Garuruwa da yawa sun kwaikwaya daga baya. Duk abin da ke cikinsa ƙaramar hukuma na iya yi, kuma ƙungiyarku na iya nema.

Idan kun kasa daidaitawa tsakanin buƙata biyu, ku ɗauki wadda ta fi sauƙi. Nasarar farko ita ke riƙe mutane. Ku rubuta ɗayar a bayan littafi da alƙawarin ita ce ta gaba.

Mataki na 3: Gano mai sa hannu

"Gwamnati" ba ta da ƙofar da za ka buga. Ka nemi suna da muƙami. Wane sashe ne ke kula da magudanar nan, na ƙaramar hukuma ne ko na sama da ita? Wa ke rubuta kasafinsa, a wane wata ake rufe shi? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta fi tsada. Buƙatar da ta iso bayan an rufe kasafi, sai baɗi.

Ka ɗauki shafi ɗaya, ka rubuta sunan mai sa hannun a tsakiya, ka kewaye shi da sunayen waɗanda yake jin maganarsu, shugabansa, wakilin mazaɓa, malaman addini, manyan 'yan kasuwa, ɗan jaridar da yake shakka. Sai ku tambayi kanku wa kuka sani a cikinsu. Kusan kullum akwai wanda ɗan'uwansa ke aiki a can.

Ka girmama sakatare da masinja da injiniyan da ke ƙasa. Su suka san teburin da takarda ke kwana, su ne kuma za su raɗa maka ranar da mai gidan ke ofis.

Mataki na 4: Tattara hujja

Gani ya kori ji. Ka zaɓi wuri ɗaya ka riƙa ɗaukar hoto daga nan, ka sa wani abu da ba ya motsi a cikin hoton, kamar turken lantarki ko kusurwar gini, domin a iya kwatanta na yau da na watan gobe. In ambaliya ce, ka auna tsayin shatar ruwa a jikin bango da rula a cikin hoton.

In zafi ne, ka rataye ma'aunin a inuwa, kusan tsayin ƙirjin mutum, nesa da bango mai ɗaukar rana. Ka karanta shi a sa'a ɗaya kullum, a wuri biyu, misali cikin ajin da ake kuka da shi da kuma ƙarƙashin bishiya a waje. Kuskuren da na fi gani shi ne a ajiye ma'auni a rana tsaka, ya nuna wani adadi mai ban tsoro, a kai wa injiniya ya yi dariya. In ruwan sama za ka auna, ka kafa gwangwanin a fili inda rufi ko reshe ba ya zuba a ciki, ka auna zurfin ruwan kowace safiya, ka zubar. Ba ma'aunin zafi? Ka nemi na ɗakin kimiyya na makaranta, malamin ma sai ya shigo tafiyar da ɗalibansa.

Ka haɗa da labarin mutum uku ko huɗu da abin ya shafa, da izininsu, gajeru.

Kada ka ƙara gishiri. Ba kowace ambaliya ce za ka ce sauyin yanayi ne ya kawo ta ba, wata toshewar magudana ce da gini a hanyar ruwa. Abin da za ka iya faɗa da gaba gaɗi shi ne iska mai ɗumi ta fi riƙe danshi, kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka ruwa mai ƙarfi yana ƙara yawa, magudanar da ta toshe kuma ta fi zama haɗari yau fiye da jiya. Adadi ɗaya na ƙarya da aka kama ka da shi ya isa a yi watsi da sauran gaskiyarka.

Mataki na 5: Taron jama'a, da aikin kowa

Yanzu ne za ka kira mutane, ka fara da talatin ɗin da ka saurara. Awa ɗaya, a fara a kan lokaci ko da mutum shida ne. Minti goma na bayanin abin da kuka ji da abin da kuka auna, minti goma wanda abin ya shafa ya yi magana da bakinsa, minti ashirin na tattaunawa, sauran na rabon aiki. Mai tsawaita jawabi, a sa wani dattijo ya riƙa katse shi cikin raha.

Kada kowa ya fita ba aiki a hannunsa. Mutane ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba kuma lokacinsu ɗaya ba, don haka ka zo da ayyuka manya da ƙanana a rubuce. Mai minti goma ya sa hannu a takardar koke, ya tura saƙo ga mutum biyar, ko ya kira ofishin wakilinsa. Mai awa ɗaya a mako ya karɓi karatun ma'aunin zafi, ko ya zagaya layinsu da takardar sa hannu, ko ya kula da yara lokacin taro domin iyaye mata su samu zama. Wannan na ƙarshen kada ka ɗauke shi wasa, na ga ya ninka yawan masu zuwa. Mai sana'a ya ba da sana'arsa. Ma'aikaciyar jinya ta faɗi abin da take gani a ranakun zafi, lauya ya duba wasiƙa, mai gyaran lantarki ya yi ƙiyasin sola, mai buga takardu ya buga, direba ya kai wakilai. Tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya zinariya ne, ya san yaren ofis. Wanda ba ya iya fita saboda tsufa ko lalura ya riƙe littafin kira, ya riƙa tuna wa mutane ranar zama.

Ka rubuta suna, aiki, da ranar da za a kawo. Bayan kwana uku ka kira kowa ɗaya bayan ɗaya. Saƙon zaure ba ya maye gurbin wannan kiran, domin kowa yakan ɗauka da wani ake.

Wani zai tashi ya ce duk wannan zancen banza ne, yanayi dama yana canzawa. Kada ka tsaya musu da shi a gaban jama'a. Ka tambaye shi ko yana son a yashe magudanar. In ya ce e, ka miƙa masa biro.

Mataki na 6: Wasiƙa da takardar koke

Shafi ɗaya. Sakin layi na farko ya faɗi su wane ne ku da abin da kuke nema. Na biyu hujja. Na uku roƙon ganawa cikin mako biyu ko uku. Hotuna da sa hannun jama'a su biyo a baya. Ba zagi, ba barazana, ba kuma fadanci.

Ka kai da hannunka, kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Na taɓa kai wasiƙa wani ofis na yarda da "ajiye a nan, za a ba shi." Bayan wata biyu aka rantse mini ba a taɓa ganinta ba, ni kuma ba abin da zan nuna. In ta imel ake karɓa, ka nemi amsar cewa ta isa, ka buga ta ka sa a fayil.

Sa hannun mutum ɗari da ke zaune a wurin ya fi na dubu goma da aka tara a intanet daga ko'ina nauyi a idon wanda ke neman ƙuri'arsu. Lambobin wayar da aka ba ku amana ce. Ku miƙa suna da sa hannu kawai, lambobin su tsaya a wurinku, kada kuma a ba ɗan siyasa ko mai talla.

Mataki na 7: Ganawa

Ku je ku uku zuwa biyar. Ɗaya ya buɗe, wanda abin ya shafa ya ba da labarinsa cikin minti biyu, ɗaya ya nuna hujja, ɗaya ya faɗi buƙata, ɗaya kuma ba ya cewa komai sai rubutu. Ku gwada a gida kafin ranar, wani ya zama jami'in, ya riƙa kawo uzuri.

Za a yi muku fara'a, a yaba kishinku, a ce za a duba. A nan ne sabon shiga ke tashi yana murna. Kai ka tsaya ka tambaya cikin ladabi, wa zai duba, yaushe za mu dawo mu ji? In an ce ba kuɗi, ka tambayi watan da ake haɗa kasafi na gaba da yadda za a shigar da aikin. In an ce ba hurumin ofishin ba ne, ka roƙi a rubuta muku takarda zuwa ofishin da ke da hurumin. Washegari ku aika da wasiƙar godiya wadda ta jera abin da aka yi alƙawari da ranakunsa. Godiya ce a fuska, amma shaida ce a fayil.

Mataki na 8: In an yi shiru

Ana hawa ne tsani-tsani. Wasiƙar tuni. Sai waɗanda kuka rubuta a kewayen sunan mai sa hannun su yi masa magana. Sai ku halarci zaman majalisar gari in ana barin jama'a su shiga, ku cika kujeru ko da ba za ku ce uffan ba. Sai gidan rediyo ko jarida, ku ba ɗan jarida hoto, adadi, mutumin da zai yi magana, da kwafin wasiƙar mai hatimi. Bayan duk wannan ne ake maganar fita titi.

Fita tana da amfaninta. A watan Agustan 2018 Greta Thunberg, tana da shekara 15, ta zauna ita kaɗai da allo a gaban majalisar dokokin Suwidin, zuwa Satumban 2019 miliyoyin mutane suka fita a ƙasashe da dama. Amma ka lura, ita ma buƙatarta a fili take, ƙasarta ta bi yarjejeniyar Paris, kuma ta riƙa komawa kowace Juma'a. Gangamin rana ɗaya da ba buƙata a bayansa hoto kawai yake bari.

Kotu ita ce matakin ƙarshe, tana cin shekaru, tana kuma buƙatar lauyoyi. Duk da haka talakawa sun ci nasara a can. A Holan ƙungiyar Urgenda da 'yan ƙasa 886 sun kai gwamnati ƙara, a 2015 kotu ta umarce ta ta rage hayaƙi da aƙalla kashi 25 cikin 100 zuwa 2020 idan aka kwatanta da 1990, kotun ƙoli ta tabbatar a Disamban 2019. A Afrilun 2024 wata ƙungiyar tsofaffin mata 'yan Suwizalan ta yi nasara a kan gwamnatinsu a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. Ɗaliban lauya ne a ƙasar tsibirai ta Vanuatu suka faro yunƙurin da ya kai Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ga neman ra'ayin Kotun Duniya a kan sauyin yanayi a 2023, kotun ta bayar a Yulin 2025.

Sai maganar tsaro, wadda ba na wasa da ita. Dokar taro ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka san ta wurinku kafin ka tara mutane, in ana neman sanarwa ko izini ka yi a rubuce. Ku naɗa masu kula da tsari, ku riƙe lambar lauya, kada a sa yara a gaba, kada a taɓa dukiyar kowa. In buƙatarku ta taɓa masu sare daji, masu haƙar ma'adinai ko masu cin filaye, haɗarin na gaske ne. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli 227 da aka kashe a 2020 kaɗai, Berta Cáceres kuma a gidanta aka harbe ta a Honduras a 2016 saboda adawa da wata madatsar ruwa. A irin wannan kada mutum ɗaya ya zama fuskar tafiya, ku jingina da babbar ƙungiya mai lauyoyi, ku ajiye kwafin hujjojinku a wuri fiye da ɗaya. Inda fita titi ke jawo ɗauri, a tsaya ga wasiƙa, rediyo da aikin hannu. Ba ragwanci ba ne.

Mataki na 9: In bishiya za ku dasa

Kusan kowace sabuwar ƙungiya da dashe take son farawa, shi ya sa na ware masa wuri. Mun taɓa dasa ɗaruruwan tsirrai a rana ɗaya, aka yi hotuna, aka tafa. Da na koma bayan shekara, waɗanda suka rayu ban cika yatsun hannu biyu da su ba. Dabbobi sun ci wasu, ƙishirwa ta kashe sauran, mai wani fili kuma ya tumɓuke nasa domin ba wanda ya tambaye shi.

Ka nemi izinin mai fili a rubuce. Ka zaɓi irin da ya saba da ƙasar wurin, ka tambayi ma'aikacin gandun daji ko tsohon manomi. A dasa a farkon lokacin ruwa, a cire ledar da ke jikin saiwa, a yi wa kowace keji, a nisanta ta da bango da wayar lantarki da bututun ruwa. Kowace bishiya ta samu mai ita da suna a littafi, wanda zai ba ta ruwa shekara biyu. In masu ban ruwa ashirin gare ku, ashirin za ku dasa. Inda ruwa ke wuya, ku duba kututturan da ke tohuwa da kansu, ku rage rassan ku bar biyu ko uku masu ƙarfi, ku kare su. Saiwarsu ta riga ta yi zurfi, sun fi sabon dashe saurin girma. Kuma hana a sare babbar bishiya guda ya fi dasa ƙanana da yawa.

Mataki na 10: Kuɗi da masu zuwa da kyauta

Kuɗi ya fi gwamnati kashe ƙungiya. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban, a karanta lissafi a kowane zama ko da bai taka kara ya karya ba. Da kun fara suna, ɗan takara zai zo da kujeru da lasifika, kamfani zai zo da riguna masu tambarinsa. Ku tambayi kanku ko za ku iya sukar mai kyautar gobe in ya yi ba daidai ba. In kamfanin da hayaƙinsa kuke kuka da shi ne ya kawo tsirrai, wanke sunansa ya zo yi da hannunku. Ku gayyaci 'yan kowace jam'iyya su goyi bayan buƙatar, kada ƙungiyar ta goyi bayan kowa.

Mataki na 11: Bayan an ce "an amince"

Ku yi murna, ku gode wa jami'in a bainar jama'a da sunansa, domin gobe ma za ku koma wurinsa. Ku kira duk wanda ya sa hannu ku gaya masa abin da sa hannunsa ya haifar. Da yawa ba su taɓa ganin koke ya yi aiki ba, su ne za su zo da wasu a karo na gaba.

Sannan ku koma bakin aiki, domin amincewa daban, aiwatarwa daban. Ku nemi ganin aikin a rubuce cikin kasafi. Ku sa mutum biyu su riƙa leƙa wurin kowane mako. Ranar da aka ce an gama, ka je ka tsaya daidai inda ka ɗauki hoton farko, turken lantarkin nan yana gefe, ka ɗauki na biyu, ka liƙa su a shafi ɗaya. In yasar magudana ce, ka duba ko an kwashe ƙasar da aka fitar, domin sau da yawa a bakin ramin ake tara ta, ruwan farko ya mai da ita ciki.

A zaman da ya biyo baya ka miƙa littafin ga wani ya jagoranta, kai ka koma kujerar baya, ka bar shi ya yi kuskurensa. Sai a buɗe bayan littafi, inda kuka rubuta buƙata ta biyu, a tambayi wa ke sa mata hannu da watan da ake rufe kasafinsa.